Yadda Tsuntsun Baba Ya Hayayyafa

Da Baba ya rasu, abin da na tarar a aljihun rigarsa ta aiki kwandala ce guda ɗaya, ta yi baƙi don tsufa. Irin wadda ake ba da canji da ita ce, sai dai a gefen fuskarta wani ya taɓa buga mata ɗan tambari, tsuntsu ƙarami ya buɗe fukafukai. Baba ya ce a canjin mota aka ba shi ita tun ba a haife ni ba. Bai san wanda ya buga ba, bai kuma damu ya sani ba. Idan rediyo ta ƙi magana a shagonsa, sai ya ciro ta yana murzawa da babban yatsa har dabara ta zo masa. Wannan murzar ce ta bar mata wani duhu mai sheƙi, irin na goshin wanda ya daɗe yana aiki a rana. A duk kayansa ita kaɗai na so.

Na ciro ta ina kallo a shago, sai ga Baffa ya shigo.

Baffa ƙanin Baba ne. A layinmu Ka-Fi-Littafi ake ce masa, yana kuma amsawa da fara'a don ya ɗauka yabo ne. Shi ne ya taɓa kiwon kifi a bahon wankin matarsa. Shi ne ya haɗa na'urar korar sauro da ta kori mutanen gida ta bar sauron.

"Mu gani," ya ce, kafin in rufe hannu ya ɗauke. Ya jawo gilashin da Baba ke duba ƙananan wayoyi da shi, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana gyaɗa kai. "Ɗana, ka san abin da ke hannunka?"

"Kwandalar Baba ce."

"Allah ya jiƙan Yaya. Mutumin kirki, amma ba shi da ido. Shekara da shekaru yana yawo da gidan sama a aljihu, yana fama da rediyon mutane."

Ya ce ya gani a wayarsa. Wai a da, idan sarki ya ci ƙasa da yaƙi kuma yana sauri, ba ya tsayawa ƙera sabon kuɗi, sai ya buga tambarinsa a kan na wanda ya kora. Wai masu kuɗin duniya har dambe suke yi a kan irin waɗannan.

Na ce, "Wane sarki ne wannan ɗin?"

"Sarkin tsuntsu mana. Ba ka ga tsuntsun ba?"

"Baffa, a ba ni abata."

"Ajiya zan yi maka." Ya sa ta a kwalin ashana, ya jefa a aljihun gaba, ya daddanna.

Na kai ƙara wurin Inna. Tana zaune tana ninke rigunan Baba, waɗanda ta riga ta ninke jiya. Ta ce, "Bi shi a hankali, ƙanin ubanka ne. In ya gaji zai ba ka. Ban taɓa ganin ya riƙe abu ya daɗe ba in ban da magana."

Washegari na zo buɗe shago na tarar an ture rediyoyin mutane gefe guda, an kafa tebur da kujera mai hannu, an rataye allo a ƙofa: Ofishin Tantance Sulalla Masu Tambari. A ƙasa an ƙara da ƙananan baƙaƙe, Darakta yana ciki. Baffa ya tsaya a bakin ƙofa ya sanar da layi kaf cewa duk wanda ya ga kwandala mai wata alama a canjinsa ya kawo, zai saya da ninki.

Mai aski ne ya fara zuwa. Ya kawo wata da ɗan rami a tsakiya.

Baffa ya duba ta da gilashi. Ya shinshina. Ya cije ta. Ya jefa ta a siminti ya kara kunne. "Ka ji wannan ƙarar? Ƙarar da ce. Kuɗin yanzu ba sa kuka haka."

"To Darakta, ramin fa?"

"Tambarin sarkin rijiya ne. Mutanensa sun sha fama da ƙishi."

Mai aski ya karɓi kuɗinsa, ya fita yana kallon ƙasa don kada dariya ta kuɓuce masa. Ni dai na san ƙusa idan na ga aikinta.

Kafin la'asar tela ya kawo uku masu zobe, irin zoben da injin maɓallinsa ke bari. Baffa ya ce na wata sarauniya ne da ta yi mulki ba ta yi aure ba. Mai gyaran takalmi ya kawo mai ɗigo-ɗigo, aka ce zamanin annoba ne. Wata tsohuwa ta kawo wadda mota ta taka, Baffa ya miƙe tsaye don girmamawa, ya ce wannan ta ga yaƙi.

Cikin 'yan kwanaki canji ya ɓace a layin. Ka sayi sabulu a ce ka dawo anjima. Mai shayi ya koma bai wa mutane ƙarin sukari a madadin canji. Daga safe zuwa yamma ba abin da kake ji a bayan shaguna sai ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na ce, "Baffa, ba ka jin ƙarar nan? Su suke bugawa."

"Layi ne ya farka da sana'a, albarkar ofishina."

"Na ga mai aski da guduma."

"To laifi ne mutum ya mallaki guduma? Kai yanzu kana ganin mai aski, mutumin da ya wuni yana kallon ƙeyar mutane, shi zai yaudari wannan idon?" Ya ja fatar idonsa ƙasa don in gani da kyau.

"To ka ba ni ta Baba, ka riƙe sauran."

"A raba uwa da 'ya'yanta? Kai ba ka da tausayi ne?"

Da kuɗin hannunsa suka ƙare ya sayar da babur ɗinsa. Matarsa ta zo har shago, gyale a kafaɗa.

"Malam, ina babur?"

"Ya zama tarihi."

"Tarihin zai kai yara makaranta?"

Ya nuna mata bokitin da ke ƙarƙashin tebur. "Nan da wata ɗaya mota za ta kai su, da direba mai hula."

Ta leƙa bokitin. "Wannan ai canjin mai shayi ne aka ji masa ciwo."

Maganar ta ɗan sosa shi. Da yamma ya canja doka. Daga yau, ya ce, ofis ya girma, ba ya sayen ƙananan sarakuna. Mai tsuntsu kaɗai yake so, don shi ne sarkin sarakunan. Ƙarar guduma ta ɗauke a layin, domin ba wanda ya iya tsuntsu. Tela ya gwada, ya kawo wani abu mai kama da agwagwar da aka take. Baffa ya mayar masa, ya ce wannan ƙanin sarkin ne, bai yi mulki ba.

Da abin ya tsaya nan da na samu kwandalata. Amma Baffa ya kwana da tunanin cewa ofishi ba ya cika sai da hatimi, kuma hatimin roba na ƙananan mutane ne. Nasa na ƙarfe zai zama, da tsuntsun sarki a jiki. Ya nufi rumfar mai makulli a ƙarshen layi, na bi shi a baya don kada abata ta yi nisa da ni.

Mai makulli mutum ne mai sanyin magana, ga hannu. Ya danna kwandalar a jikin sabulu, ya ɗaga ta, tsuntsun ya fito sak. Ya mayar wa Baffa abarsa.

"Ina son shi daidai," in ji Baffa. "Ko gashi ɗaya kada ya bambanta. In na ga bambanci ba zan biya ba, kuma ni ina gani."

"Ko uwarsa ba za ta bambance su ba, ranka ya daɗe."

Ya cika alkawari. Ya samu kan wani ƙarfe ya yi ta goga da ƙananan magagarai har tsuntsu ya tsaya a kai. Da Baffa ya je karɓa, sai mai makulli ya ce, "Sai ya ɗan yi gwaji tukuna, ranka ya daɗe. Sabon hatimi in bai saba da aiki ba yakan karkace."

"Haka ne," in ji Baffa. "Ni ma na san wannan."

Daga ranar tsuntsaye suka fara sauka. Mai aski ya ce a canjin burodi ya samu. Tela ya ce a aljihun wandon da aka kawo gyara. Mai shayi ya ce wani baƙo ne ya biya da su, dogo, mai kama da jikan sarki. Yawanci tsofaffin kwandaloli suke zaɓowa, don Baffa ya fi biya in ta ji jiki. Shi kuwa yana karɓa yana rawar kafaɗa.

"Ka gani ko, ɗana? Taskar sarkin a ƙarƙashin layin nan take. Na daɗe ina zargi."

"Baffa, hatiminka ne."

"Hatimina yana gwaji."

"A kan me yake gwajin?"

"Wannan aikin masu ƙarfe ne. Kai ka tsaya a rediyonka."

Abin da ya riƙe ni shi ne har lokacin ina iya gane tawa. Tana cikin kwalin ashana, kuma ko an zuba ta cikin dubu, duhunta zai nuna ta. Na sauran, cikin tsuntsun fari ne ƙal, sabon yanka. Na Baba kuwa duhu ya kwanta masa har cikin fukafukai. Wani lokaci in Baffa ya fito da ita yana nuna wa mutane, nakan ga inda yatsan Baba ya fi zama, sai in koma bayan rediyoyi in yi kamar ina neman wani abu.

Baffa ya ɗauki hotonta ya aika wa wani mai sayen tsofaffin sulalla da ya samu lambarsa. Mutumin ya amsa cewa zai zo ya gani. Baffa ya ɗauko hayar kujeru. Ya fito da lasifikar Baba ya ɗaura a kan allo. Ya gayyaci layi, da layin baya, da surukansa.

Ana gobe baƙon zai zo na fita kai wa wani rediyonsa. Da na dawo, tun daga bakin layi wani wari ya tare ni, mai yaji a ido. Mai shayi ya rufe kayansa da buhu. Baffa na tsugune a ƙofar shago cikin babbar rigarsa, ya ɗaure hanci da ƙyalle, yana juya bokitin roba da muciyar matarsa. Ruwan ciki na tafasa ba wuta.

"Me ke nan, Baffa?"

"Ruwan batir. Babban baƙo zai zo, in nuna masa kaya da dauɗa? Sai ya ce ba mu waye ba."

Na dubi aljihunsa na gaba. Kwalin ashanar na ƙasa a buɗe.

"Ina ta Baba?"

"Ita na fara jefawa. Uwa ce, ita ya kamata ta fi 'ya'yan haske."

Na kai hannu, ya buge shi da muciyar, wadda ta riga ta fara cinyewa. Ya ɗauraye su da ruwa ya baza a tabarma. Suka fito jajaye-jajaye, suna ƙyalli, kamar an feɗe su. Na durƙusa na bi su ɗaya bayan ɗaya har rana ta faɗi. In ban da na ƙananan sarakuna, kowacce da tsuntsunta, kowane tsuntsu ya buɗe fukafukai, ba wanda ya san ni.

"Kada ka damu," in ji Baffa. "Ni zan gane ta ko a cikin duhu."

Da safe kujeru suka cika. Wata babbar mota ta tsaya, Baffa ya ruga ya buɗe ƙofa, ya rungume mai ita, ya jawo shi har kujerar gaba yana yi masa kirari a lasifika. Sai da mutumin ya samu sarari ya ce shi hanyar asibiti yake tambaya. Baƙon gaskiya kuwa ya daɗe da zuwa, wani gajeren dattijo mai jaka a hammata, yana tsaye a baya don ba wanda ya ba shi kujera.

Aka zaunar da shi. Baffa ya kama jawabi. Ya fara daga haihuwar sarkin tsuntsu, ya bi ta yaƙe-yaƙensa, ya faɗi sunan dokinsa. Duk inda ruwan jiya ya fantsama a rigarsa ya riga ya ci zaren, to da ya ɗaga hannu zai nuna faɗin daular, sai hammata ta buɗe. Ya sauke, ya ɗaga ɗayan, nan ma ta buɗe. Da ya juya zai ɗauko bokiti, bayan rigar ya zama rariya.

Mai aski ya ce, "Darakta, rigar ma an buga mata tambari."

"Ɗinkin zamani ne, don iska," in ji Baffa. Ya juye bokitin a kan tebur.

Dattijon ya sa tabarau. Ya ɗauki ɗaya, ya ajiye. Ya ɗauki wata. Ya ce, "Ina wadda ke cikin hoton?"

"Tana ciki, ranka ya daɗe, tare da iyalanta."

"Wa ya wanke su?"

"Ni da hannuna."

"Da me?"

"Ruwan batir. Sabo, ba wanda aka yi aiki da shi ba."

Dattijon ya rufe ido na ɗan lokaci. Da ya buɗe ya ce shi bai san wani sarkin tsuntsu ba. Ya ce a da akwai 'yan kasuwa da kan buga alamar shagonsu a kan kuɗi don sunansu ya yi yawo hannu zuwa hannu, kuma wadda ya gani a hoto ta yi kama da irin waɗannan. Ba ta gidan sama ba ce, amma da ya saya da daraja. Abin da ke nuna tsufan tambari shi ne duhun da ya kwanta a cikinsa. In an wanke, ba mai iya rantsewa.

"Haske ai ba ya rage daraja," in ji Baffa.

Dattijon ya ɗago wata. "Wannan kuma shekarar bana ce a jikinta."

Baffa ya karɓa ya duba da gilashi. "Sarki ne mai hangen nesa."

A daidai nan aka ji ƙwas a bayan kujeru, sai ƙara. Ashe tela da mai shayi sun ga baƙo ya iso, sun ce bari su ƙara kaya kafin kasuwa ta tashi. Tela na riƙe da wani ƙarfe a kan kwandala, mai shayi na bugawa, guduma ta sauka a kan babban yatsa. Tela ya miƙe yana yarfa hannu yana ambaton kakannin mai shayi.

"Ai na ce ka bari layina ya zo," in ji tela.

"Layinka tun jiya ya wuce, hayar ƙarfen na biya," in ji mai shayi.

Ƙarfen ya gangaro tsakanin ƙafafun mutane ya tsaya a gindin tebur. Dattijon ya sunkuya ya ɗauka. Ya ɗora kansa a kan tsuntsun wata kwandala, ya zauna ɗas. Ya gwada a wata, ya zauna. Ya ɗaga shi sama yana neman mai shi.

Mai makulli ya taso daga kujerarsa cikin natsuwa, ya karɓa da hannu biyu, ya miƙa wa Baffa. "Ranka ya daɗe, ga hatiminka. Ya gama gwaji."

Dariyar da aka yi har lasifika ta ɗauka ta kai layin baya. Surukan Baffa suka tashi ɗaya bayan ɗaya kamar an kira su. Matarsa ta zo ta tsaya a gabansa, ta dubi rigar, ta dubi teburin, ta ce, "Direban mai hula ya iso ne, ko mu fara takawa?" Dattijon ya maƙale jakarsa ya yi sallama.

"Bai san aikinsa ba," in ji Baffa, da ya tabbata ya yi nisa. "Tun da na ga takalminsa na gane."

Na matsa gaban teburin. Ban taɓa yi wa Baffa magana a gaban mutane ba.

"Baffa, ka ce za ka gane ta ko a duhu. Yanzu rana ce. Ba ni kwandalar ubana."

Ya gyara tsayuwa. Ya kanne ido, ya bi tulin da gilashi, ya shinshina biyu, ya jefa ɗaya a siminti. Ya miƙo mini. "Ga ta. Ba tantama."

"Wannan tawa ce," in ji mai aski. "Ga inda guduma ta goce."

Ya zaɓo wata.

"Ta tela ce, fiffiken bai fita ba," in ji mai shayi.

Ya zaɓo ta uku. Zuwa lokacin mutane sun gane abin da nake nema. Mai shayi ya cire hularsa ya mayar. Duk sun san Baba, duk sun taɓa ganinsa a bakin shago yana murza abin nan yana sauraron rediyon da ba ta magana. Suka kewaye teburin suna tonawa, kowa na cire wadda ya tuna ya buga. Aka rage tulin, amma abin da ya saura ya fi ƙarfin tunawarsu. Na dubi mai makulli. Ya girgiza kai.

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Daidai aka ce in yi."

Na jawo bokitin na share duka a ciki, har da waɗanda aka ware, don ban yarda da tunawar kowa ba. Baffa ya buɗe baki zai yi maganar jarinsa, ya ga fuskokin mutane, ya fasa. Ya dafa kafaɗata, hammatarsa a waje.

"Ka dai gani, ɗana. Guda ɗaya ubanka ya bar maka, ni na mayar maka da ita bokiti."

Na ɗauka na tafi gida, ina canja hannu a hanya don nauyi. Inna na tsakar gida. Ta dubi bokitin, ta dube ni.

"Wannan fa?"

"Ta Baba ce."

"Duka?"

"Tana ciki."

Sannan ta matsa gefe a kan tabarma, ta ce, "Kawo nan, kada yara su yi tsammani canji ne."